Bindigogin da suka yanke hukunci a Karari

Duk wanda fatauci ya kai shi Omdurman, tsallaken Nilu daga Khartoum, ya ji labarin Karari. A nan ne ranar 2 ga Satumba, 1898, dakarun Halifa Abdullahi suka gwabza da rundunar Kitchener. Ansaru kimanin 10,000 suka kwanta dama, ɓangaren Kitchener kuwa bai rasa mutum 50 ba.

Mun saba ɗora laifin a kan bindiga mai ruwa ta Maxim. Amma mu dubi ta hannun soja. Turawan Ingila na riƙe da Lee-Metford, mai sakatar da ake ja a ɗana harsashi, tana cin goma a ciki, albarushinta kuma ba ya hayaƙi. Sojojin Masar da Sudan da ke tare da su Martini-Henry aka ba su, mai cin harsashi ɗai-ɗai, ga hayaƙi mai rufe ido. Churchill, wanda aka yi yaƙin da shi, ya rubuta cewa a gaban Turawa an tsayar da Ansaru tun daga yadi 800, a gaban masu Martini kuwa sai da suka matso yadi 300.

Ansaru fa? Yawancinsu mashi da takobi ne. Masu bindigar cikinsu Remington suke riƙe da ita, ganimar da aka ƙwace daga sojojin Masar, har da rundunar Hicks a 1883. Ta sha jiki shekara 15, harsashinta kuma ɗurin gida ne na Omdurman. Mu 'yan kasuwa mun san tsohon kaya in ya gaji: ko mai saiti ya ƙware, harsashin inda ya ga dama yake zuwa.