Fuska da Tabarma: Matsayin Ma'aikata da Wurin Zama a Gidan Kallo

Gabatarwa

Idan ana nazarin wasan kwaikwayo a aji, yawanci hankali yakan tafi ne kan jigo da zubi da salo da 'yan wasa. Ba kasafai ake waiwayar ɗan kallo ba, alhali shi ne ya baro gidansa ya biya kuɗinsa. Wannan maƙala za ta dubi abubuwa biyu da ɗan kallo yake fara cin karo da su tun kafin a soma wasa, wato mutanen da suke tarbarsa da kuma wurin da aka tanadar masa ya zauna. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tarihin gidajen kallo na Kano zai nuna mana cewa a irin wannan wuri kowace shimfiɗa tana da nata nauyin.

Daga Dandali Zuwa Silima

A gargajiyance, Bahaushe ba ya sayen wurin zama. A fagen dambe ko kokawa mutane kan yi da'ira, yara su zauna a ƙasa daga gaba, manya su tsaya daga baya, masu sarauta kuwa a yi musu shimfiɗa. Girma da shekaru ne suke raba wuri. Ko da majigi ya zo a zamanin Turawa, tsarin bai sauya sosai ba, domin a fili ake kafa shi, kyauta ake kallo, 'yan doka da dogarai suna tsare da taro.

Silima ce ta kawo sabon abu, wato katanga da ƙofa da tikiti. A shekarar 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, a wajen ganuwa. Daga baya wasu suka biyo, irin su El Duniya da Palace da Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba, kuma 'yan kasuwa Kwarori ne suka mamaye harkar tun farko. Daga nan ne kuɗi ya maye gurbin girma. Yaro mai kuɗin tikiti yana iya zama a inda ya fi na dattijo, abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa.

Wurin Zama

A wancan zamani, yawancin waɗannan gidaje ba su da rufi, don haka sai duhu ya shiga ake fara haska fim. An raba wurin zama gwargwadon kuɗi. Mafi araha shi ne na gaba, kusa da allo, inda mutum zai yi ta ɗaga wuya. Mafi tsada yana can baya, inda ido yake ɗaukar hoton gaba ɗaya ba tare da wahala ba. Wannan kishiyar tsarin dandali ne, inda kowa yake ribibin gaba.

A nan ya kamata mu tuna cewa fim ɗin Indiya, wanda a wancan lokaci ya fi kowane farin jini a wurin Hausawa, yakan kai kusan awa 3. Wanda ya zauna a kan benci marar majingina tsawon wannan lokaci, ga sanyin hunturu ko barazanar hadari da damina, ba daidai yake kallo da wanda yake jingine a kujera ba. Fim ɗaya ne, amma labarin da za su kai gida daban ne. Gajiyar jiki tana rage natsuwa, rashin natsuwa kuma shi ke haifar da surutu da shewa da kai-kawo.

Ma'aikata

Ɗan kallo yakan bi ta hannun mutane kamar huɗu: mai sayar da tikiti, da mai tsaron ƙofa da yake yagar tikitin, da mai nuna wurin zama, sai kuma mai haska fim, wanda ba a tunawa da shi sai fim ya tsinke. Kowannensu da harshe yake aiki, kuma nan ne ɗalibin harshe yake da abin lura. Dubi bambancin da ke tsakanin “Kai, matsa can!” da “Malam, don Allah ɗan gyara.” Buƙatar ɗaya ce, amma ta farko tsawa ce, ta biyu kuwa ta ƙunshi sunan girmamawa da roƙo da kalmar “ɗan” mai sassauta umarni. Magidancin da aka daka wa tsawa a gaban yara, da wuya ya sake dawowa, balle ya zo da iyalinsa. Ta haka gidan kallo yake zama na samari zalla, sunansa kuma ya ƙara ɓaci a gari.

Darasin El Duniya

Maganar ba ta tsaya ga jin daɗi kawai ba. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya, wadda take da rufi. Wutar ta faro ne daga ɗakin haska fim, domin faifan fim na wancan zamani abu ne mai saurin kamawa. Cikin 'yan kallo kimanin 600, mutum 331 ne suka rasa rayukansu. Duk mai shirya taro a ɗaki rufaffe ya kamata ya riƙe wannan adadi a ransa. Faɗin hanyar da ke tsakanin kujeru, da yawan ƙofofi, da ko mai tsaron ƙofa yana bakin aikinsa da makulli a hannu, su ne suke raba tsakanin fita da rashin fita.

Wani Tsarin Daban

A tsakiyar shekarun 1970 an gina gidan wasan kwaikwayo na laka a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda Steven Ehrlich ya zana bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da fili a tsakiya. A nan 'yan kallo suna kusa da 'yan wasa, kamar dai a dandali. Wannan ya nuna cewa mutunta ɗan kallo ba sai da kujerun ƙasar waje ba.

Kammalawa

Mu ma a nan Keffi mukan shirya wasan kwaikwayo, musamman a bukukuwan ƙungiyar Hausa. Sau da yawa akan kwashe makonni ana gwaji, amma ba a tuna da wanda zai tsaya a ƙofa sai ranar wasa. Kafin wasa na gaba, kwamiti ya ƙirga kujeru kafin ya raba katin gayyata, ya bar hanya a tsakiya, ya tabbatar kowace ƙofa a buɗe take, sannan ya zaɓi masu tarbar baƙi daga cikin waɗanda suka iya bakinsu. Baƙon da aka zaunar da shi da mutunci, ko wasa bai yi armashi ba, zai sake dawowa baɗi.