Shawara Ga Mai Neman Na'urar Gina Kayan Ƙananan Jiragen Ruwa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata tsohuwar sana'ar nishaɗi, watau ƙera ƙananan jiragen ruwa na kwaikwayo. Mutum ya kan ɗauki fasalin babban jirgi ya rage shi har ya zama abin ɗauka a hannu, amma ba ya barin kome, daga anga har tsani da bututun hayaƙi. Waɗansu a akwatin gilashi su ke ajiye nasu don kallo, waɗansu kuwa su sa masa inji da batir, su sake shi a tafki suna juya shi da rediyo daga bakin gaɓa. Da can da katako da tagulla da 'yar wuƙa a ke wannan aiki. Yanzu wata na'ura ta shigo cikin sha'anin, wadda a ke kira firintar 3D, kuma ƙanananta sun yi arahar da malamin aikin hannu ko akawu mai 'yar ajiya zai iya tunanin saye. Don haka mu ka ga ya kamata mu yi bayaninta, gama mai sayen abin da bai sani ba ya kan biya sau biyu.

Aikinta kishiyar na masassaƙi ne. Shi ragewa ya ke yi, ita ƙarawa. A kan zana abu a kwamfuta, a yanyanka zanen sala-sala, sa'an nan na'ura ta yi ta ɗora su ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda magini ke jera sahun tubali, har abin ya tashi. Wani Ba'amurke, Charles Hull, shi ya sami takardar mallakar dabarar daskarar da ruwan ƙaro da haske a 1986. Wani kuma, Scott Crump, ya nemi ta narka zaren roba a 1989. Muddin takardar Crump na aiki, sai manyan masana'antu ke iya sayen irin wannan na'ura. Da wa'adinta ya cika a 2009 sai kasuwa ta buɗe, ga shi kuwa tun 2005 Dokta Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, yana ba da zanen na'urarsa kyauta ga kowa. Zuwa 2018 kamfanin Creality na ƙasar Sin ya fito da Ender 3 a kan dala 200 ko kusa da haka.

To, waɗannan dabaru biyu su ne har yau ke gaban mai saye. Mai zare tana jan zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta narka shi, ta fitar ta wani tsinin baki mai faɗin milimita 0.4 bisa faranti. Mai ruwan ƙaro kuwa haske ta ke haskawa ta ƙarƙashin tasa, kowane sala kaurinsa bai wuce milimita 0.05 ba a bisa al'ada. 'Yan kasuwa sun fi son a yi zancen sauri da kyawun akwati. Mu a ganinmu, kafin mutum ya dubi kowace na'ura, sai ya ɗauki fensir ya yi lissafin jirgin da ya ke nufin ginawa, domin lissafin nan shi zai yanke masa hukunci.

Bari mu buga misali, malaman lissafi su duba mana. A ce jirgin jan jirage ne mai tsawon mita 30 da faɗin mita 10, za a rage shi sau 50. Tsawonsa ya zama santimita 60, faɗinsa 20. Farantin Ender 3 santimita 22 ne kowace fuska, tana kuma gini sama har 25. Ashe ke nan gangar jirgin sai an yi ta gida uku, a haɗa da gam. In kuwa mutum ya sayi ƙaramar na'ura mai faranti 18, irin Bambu Lab A1 mini, faɗin jirgin ma ba zai shiga ba, sai an tsaga shi ta tsawo kuma, gida uku ya koma takwas. Kowace mahaɗa ƙofa ce ga ruwa. Nan ne a ke gane cewa araha ba ta ado.

Yanzu mu juya ga ƙananan kaya. Shingen ƙarfe na gefen jirgi, in kaurin bututunsa santimita 5 ne, a ragin sau 50 ya zama milimita 1, wanda mai zare za ta iya, ko da ya ke da kyar. A ragin sau 200 ya koma rubu'in milimita, ya fi bakin na'urar kanta siriri. Wannan ba aikin mai zare ba ne sam. Wanda ke son jirgin Titanic, mai tsawon mita 269, a ragin sau 350, watau abin da bai kai santimita 77 ba, da tagoginsa da fitilunsa da kwalekwalen tsira, to, mai ruwan ƙaro ce tasa. Abin da ta ke fitarwa sumul ne, ba a ganin sahu. Amma fa tana da sharaɗi. Ruwan ƙaron nan yana cin fata yana da wari, tilas a sa safar hannu, a wanke kayan da sifirit, a sake gasa su da haske, kuma a ɗaki mai iska. Irinsa na yau da kullum yana da gautsi, ya faɗi ya karye. Ba mu ba da shawara a ajiye ta a ajin da yara ke kai da kawowa ba.

Akwai wani lissafin da a ke mantawa, shi ne na nauyi. In an rage tsawo sau 50, nauyi raguwa ya ke yi sau 50 sau 50 sau 50, watau 125,000. Jirgin da ya kai tan 500, ƙaraminsa kilo 4 kaɗai zai ɗauka, har da inji da batir, in ana so ya zauna a ruwa daidai layinsa. Mai zare tana iya barin cikin abu kusan fanko, kamar saƙar zuma, saboda haka ɗakunan saman jirgi su kan fito ba nauyi. Wanda ya cika sama da kayan ƙaro masu nauyi, ya ga jirginsa ya kife a juyin farko.

Ga wanda zai sa jirgi a ruwa a ƙasarmu, zancen irin zare ya fi zancen sunan na'ura muhimmanci. Zaren da a ka fi sayarwa, mai suna PLA, shi ya fi sauƙin aiki, amma yana fara laushi a wajen digiri 60. A Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu ya kan wuce digiri 40 a inuwa, balle abin da a ka shafa wa baƙin fenti a ka bari a rana, ko a ka kulle cikin mota. Aikin mako uku ya lanƙwashe kafin la'asar. Zaren PETG yana jurewa har wajen digiri 80, ruwa bai dame shi ba, shi mu ka fi yarda da shi don gangar jirgi. ABS da ɗan'uwansa ASA sun fi su jure zafi, ASA kuma rana ba ta cinsa da wuri, sai dai suna bukatar na'ura rufaffiya da faranti mai zafin digiri 100 ko kusa, suna kuma fitar da hayaƙin da ba a so a shaƙa. Saboda haka abin tambaya wurin mai sayarwa shi ne, farantin yana zafi, kuma bakin yana kai digiri 250? In ba haka ba, irin zaren da mutum zai iya aiki da shi ya ragu ke nan.

Kada kuma a ɗauka abin da ya fito daga na'ura ba ya yoyo. Tsakanin sahu da sahu a kan sami 'yan kafofin da ido ba ya gani. Masu aikin su kan yi bango riɓi uku ko huɗu, su goge da sanfefa, su shafe ciki da waje da gam mai ƙarfi irin na epoxy, kana su gwada a baho kwana guda kafin su sa inji.

Sai zancen wutar lantarki, wanda Bature mai rubuta talla bai cika tunawa da shi ba. Yanki guda na gangar jirgi ya kan ci sa'o'i da yawa, wani lokaci yini da dare. In wuta ta ɗauke a tsakiya, na'urar da ba ta iya ci gaba daga inda ta tsaya ta yi asarar zare da lokaci. Ko mai iyawar ma ta kan bar tabo a wurin, tabon kuwa rauni ne. Wanda ba shi da batirin ajiya ko wutar rana, gara ya lissafa kuɗinsu cikin kuɗin na'ura tun farko. Zaren kuma yana shan laima da damina, a riƙa rufe shi cikin mazubi mai murfi.

Gani ya kori ji, saboda haka a nemi mai sayarwa ya gina gwaji a gaban mai saye. Abin sha'awa, gwajin da duniya ta fi sani shi kansa jirgin ruwa ne, ɗan ƙarami mai tsawon santimita 6, sunansa 3DBenchy, wanda wani kamfanin ƙasar Suwidin ya fitar a 2015. A duba goshinsa ko ya fito sumul, a duba tagogi da ƙofa ko zare ya zazzago, a duba bututun hayaƙi ko ya yi da'ira sosai. Sai dai ba don ruwa a ka yi shi ba, in an saka shi karkacewa ya ke yi.

Wanda kuɗinsa na na'ura ɗaya ne, kuma jirgin tafki ya ke nufi, mu dai mai zare za mu nuna masa, mai faranti 22 ko fiye, tare da ƙarin baki na milimita 0.2 don ƙananan kaya. Sandar farfela da bututun da ta ke juyawa a ciki kuwa, waɗannan har gobe na tagulla ko baƙin ƙarfe mara tsatsa a ke saye, domin roba ba ta jure gugar.