Daskarewar Jini a Jijiyoyin Masu Cutar Numfashi da Ke Kwance a Asibiti

Jini kan daskare a cikin manyan jijiyoyin da ke mayar da shi zuwa zuciya, galibi a sha-raɓa ko a cinya. Idan gudan jinin ya ɓalle, sai ya bi jini ya ratsa zuciya ya toshe jijiyar huhu, abin da kan iya kashe mutum cikin mintuna.

Tun a ƙarni na 19, aikin likitan Jamus Rudolf Virchow ya share fagen gane abubuwa uku da ke haddasa wannan: tafiyar jini a hankali, rauni a bangon jijiya, da jinin da ya yi saurin daskarewa. Mai fama da cutar numfashi ta bairas yakan haɗa ukun a lokaci guda. Kwanciya ta kwanaki ba motsi tana rage gudun jini a ƙafa, zazzaɓi yana busar da ruwan jiki, kumburin da garkuwar jiki ke tayarwa kuma yana lalata fatar cikin jijiya tare da zuga sinadaran daskarewa.

An ga haka a annobar murar H1N1 ta 2009, amma korona ce ta fito da lamarin fili. A 2020, wani bincike a asibitocin Holan kan majinyata 184 na sashen kulawa ta musamman ya ƙiyasta cewa kashi 31 cikin ɗari sun samu daskarewar jini, alhali ana ba su maganin rigakafi. A Hambug, binciken gawarwaki 12 ya gano gudan jini a ƙafafun 7, ba wanda aka yi zargin yana da shi kafin mutuwa.

Wahalar ganewa ita ce babbar matsala. Sarƙewar numfashi da bugun zuciya da sauri, waɗanda ke nuna toshewar huhu, su ne dai alamomin cutar da ta kwantar da mutum. Gwajin jini na D-dimer, da ake yi don neman alamar daskarewa, shi ma yakan hau saboda kumburi kawai. Shi ya sa likitoci ke lura da ƙafa ɗaya da ta kumbura, ta yi zafi, ko iskar oksijin da ta faɗi kwatsam, sannan su nemi hoton jijiyar ƙafa ko na CT na ƙirji.

Rigakafin da aka saba shi ne allurar tsinka jini ta hefarin a ƙarƙashin fata, da tayar da majinyaci ya taka da zarar ya iya. Ƙara yawan maganin ba kullum yake amfani ba. Manyan gwaje-gwaje kan masu korona da aka wallafa a 2021 sun nuna cikakken adadin maganin ya ɗan taimaki masu matsakaicin ciwo, amma bai amfani waɗanda ke sashen kulawa ta musamman ba, kuma zubar jini ta fi yawa a cikin waɗanda aka ba cikakken adadin.