Ƙasar Da Ba A Kiran Na Ƙarshe

A ƙasar Nowe, ba a ba ɗan firamare maki daga aji 1 har aji 7. Malami yakan bayyana wa yaro da iyayensa inda ya ƙware da inda zai gyara. A wasanni ma, ba a fitar da jerin na ɗaya zuwa na ƙarshe sai yaro ya kai shekara 11.

Dalilinsu shi ne, yaron da aka kunyata gaban jama'a yakan daina ɗaga hannu a aji, ya guji fili. Tsarin bai hana su samun zakaru ba, can Erling Haaland ya taso.

Malamanmu, a faɗa wa ɗalibi gaskiyar sakamakonsa, amma a keɓe. Mu kuma, mu daina yi wa na ƙarshe dariya.