Yadda Ake Kafa Eriyar Oba-oba A Kan A-kori-kura

A watan Satumba na shekarar 2021 aka rufe layukan wayar salula a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a jihohin Katsina da Sakkwato da Kaduna. An yi makonni waya ba ta shiga, ba ta fita. An buɗe layukan daga baya, amma har yau akwai ƙauyukan da sai mutum ya hau tudu kafin ya sami sabis.

A irin waɗannan wurare ne ake tunawa da rediyon oba-oba. Wannan rediyo ne da ake magana a cikinsa, a kuma ji amsa nan take. Ba ya cin kati, kuma bai dogara da ƙarfen sabis na kamfani ba. Sojoji da 'yan sanda sun daɗe suna aiki da shi, haka ma motocin asibiti da na kamfanonin gina hanya. Idan mace tana kan gwiwa da tsakar dare, kuma motar da za ta kai ta asibiti tana wani gari, rediyon da maganarsa ke kaiwa nesa yana iya zama sanadin tsira.

To, sau da yawa ƙungiya takan haɗa kuɗi ta sayi rediyo mai tsada, a ɗaura a a-kori-kura, amma maganarsa ta kasa kaiwa ƙauyen da ke gaba. Sai a ce an sayo jabu. Galibi rediyon lafiyarsa lau. Laifin yana wajen eriya, wato siririn ƙarfen nan da ke tsaye a kan mota. Ƙaramin rediyo mai eriya a daidai ya fi babban rediyo mai eriya a karkace.

Jikin mota rabin eriya ne

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙarfen da ake gani a tsaye rabin eriya ne kawai. Ɗaya rabin shi ne jikin motar da kansa. Eriya tana son faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashinta ta kowane gefe. Saboda haka wurin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar rufin gidan direba. Nan ne ya fi tsawo, kuma ƙarfe ya kewaye shi gaba da baya, dama da hagu. Eriyar da aka kafa a can tana aika magana ko'ina daidai wa daida.

Idan aka kafa ta a gefe guda, maganar za ta fi ƙarfi ta wajen da ƙarfen mota ya fi yawa, ta yi rauni ta ɗaya wajen. Idan kuwa aka ɗaure ta a bamba, ko a lungun da ke bayan gidan direba, jikin motar zai tare ta kamar yadda katanga ke tare murya.

A-kori-kurar karkara tana da tata matsala ta daban. Ana yi mata ƙarafa a baya don lodi, a jibga buhuna har su wuce rufi, mutane kuma su hau sama. Wasu sukan ɗaura eriya a kan waɗannan ƙarafa don a can ne ya fi tsawo. Yana yiwuwa, amma fa sai an lura. Bodin baya da gidan direba ba abu guda ba ne, kowanne zamansa daban a kan ƙashin mota, kuma fenti da tsatsa da roba suna shiga tsakaninsu. Dole mai wayarin ya haɗa su da gajeriyar waya mai faɗi, irin saƙaƙƙiyar nan ta jan ƙarfe.

Masu mota ba sa son a huda musu rufi, kuma suna da hujja, don ruwa yana iya bi. Amma rami ɗaya da aka huda da kyau, aka sa masa robarsa, ba ya yoyo. Sai a kankare fentin da ke ƙarƙashin rufin, daidai inda gindin eriya zai kama, har ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Akwai kuma eriya mai mayen ƙarfe a gindi, wadda ake mannawa kawai. Tana da kyau ga aikin kwana biyu. Amma a hanyar daji reshen ƙaya yana ture ta, yashi kuma yana shiga ƙarƙashinta ya cinye fenti.

Tsawon eriya ba a yin sa da ka

Mai garaya yakan ja tsirkiya ko ya sassauta ta har ta ba da amon da yake so. Haka eriya take. Kowace tashar oba-oba tana da lambarta, wadda ake ƙirgawa da megahaz, kuma kowace lamba tana da tsawon eriyar da ya dace da ita. Idan lamba ta yi sama, eriya sai ta gajarce.

Rediyon da ake kira VHF, mai aiki a wajen megahaz 150, eriyarsa ta yau da kullum ba ta cika santimita 50 ba, wato kusan kamu ɗaya. Na UHF, mai aiki a wajen megahaz 450, tasa santimita 16 ce ko 17, kusan tsawon biro. Mai aiki a megahaz 27 kuwa, cikakkiyar eriyarsa ta kai wajen santimita 270. Akwai wasu masu naɗin waya a gindi, waɗanda tsawonsu ya saɓa da wannan lissafi. Irinsu sukan zo da takarda mai nuna inda za a yanka. Kada a yar da takardar nan tare da kwali.

Me zai faru idan tsawon bai yi daidai ba? Duk mai noman fadama ya san abin da ke faruwa in tiyo ya lanƙwashe. Ruwa ba ya fita sosai, injin kuma sai ya yi ta gurnani. Haka ƙarfin da rediyo ya tura, idan eriya ba ta karɓe shi duka ba, sai wani kashi ya komo baya. Magana ta rage nisa, rediyo ya yi zafi, wani lokaci ma ya ƙone.

Yadda ake awo

Ido ba ya ganin wannan komowa. Ana gane ta ne da wani ɗan akwati mai allura kamar agogon mai, ana kiransa ma'aunin SWR. Ana jona shi tsakanin rediyo da kebur ɗin eriya. A tabbata ma'aunin na irin rediyon ne, don na megahaz 27 ba ya faɗin gaskiya a kan VHF.

A kai motar fili, nesa da gini da bishiya da wayar lantarki. A rufe ƙofofi da bonet, kowa ya matsa daga jikin eriya. Sai a rage ƙarfin rediyo, a danna maɓallin magana na ɗan lokaci, a duba allura. Idan ta nuna 1, komai yana fita. Idan 1.5 ce, kashi 4 cikin 100 ne kawai ke komowa, wannan ya yi kyau. A kan 2, wajen kashi 11 ne, ana iya aiki amma a nemi gyara. A kan 3, rubu'in ƙarfin ne ke komowa. A nan sai a daina dannawa.

Ana yin awon sau biyu, a tasha mai ƙaramar lamba da mai babbar lamba cikin waɗanda ake aiki da su. Idan allura ta fi hawa a babbar lamba, eriya ta yi tsawo. Idan ta fi hawa a ƙaramar lamba, eriya ta gajarta. A gindin eriya akwai ɗan noti da ake sassautawa a ja ƙarfen sama ko a tura shi ƙasa. In hakan bai isa ba, sai a zare shi a yanke ta ƙasa da zarto. A nan ne masu gaggawa ke yin asara. A yanki kamar tsawon ƙwayar shinkafa, a mayar, a sake awo. Ga UHF ma rabin haka ya isa. Abin da zarto ya ci ba ya komawa.

Idan kuwa allura ta wuce 3 a kowace tasha, yanka ba zai yi magani ba. A duba kebur, a duba ko gindin eriya ya taɓa ƙarfe. Kebur ɗin oba-oba na musamman ne, mai lamba 50. Na talabijin mai lamba 75 ne, sun yi kama amma ba su zama ɗaya ba. Kada ƙofa ta riƙa matse shi, kada ya bi kusa da salansa, kuma a naɗe mahaɗarsa da baƙin salatif saboda damina.

Wuta da haɗari

A ja wa rediyo wuta kai tsaye daga batir, a sa fiyus kusa da kan batir ɗin. Wayar da ba fiyus, in ta goge a jikin ƙarfe, tana iya tayar da gobara. Rediyon mota na bolt 12 ne. Manyan motoci masu bolt 24 suna ƙona shi nan take.

Kada kowa ya riƙe eriya lokacin da ake magana, don tana ƙuna. Fasinjojin saman kaya sukan mai da ita abin dafawa, sai direba ya hana. Mai doguwar eriya kuma ya lura da wayoyin lantarki da suka yi ƙasa a cikin gari.

Ko an yi komai daidai, VHF da UHF suna da iyaka, domin maganarsu a miƙe take tafiya kamar haske. Mota da mota a fili shimfiɗaɗɗe sukan ji juna a wajen kilomita 10, wani lokaci ƙasa da haka. Babban dutse irin na Kwatarkwashi yana tare magana gaba ɗaya. Idan aka ɗaga eriyar gida a kan dogon ƙarfe mai tsawon mita 20, nisan yana iya ninkawa.

Tun a shekarar 1961 Nijeriya ta yi dokar da ta hana aiki da irin wannan rediyo ba tare da lasisi ba. Ana neman izinin ne daga Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya, wadda za ta ba ƙungiya lambar tasharta. Da wannan lamba ake sanin tsawon da za a yanka eriya, don haka takarda ce farko kafin a je wajen mai wayarin. A yankin da ake fama da 'yan bindiga kuma, motar da aka tsayar a shingen bincike da oba-oba a ciki za ta sha tambayoyi, sai direba ya ajiye kwafin lasisin a cikin mota tare da sauran takardunta.