Ina Gishirin Mutanen Aislan Ya Shiga?

A ƙarshen watan Janairu, lokacin da sanyi ya kai maƙura, mutanen Aislan kan taru su yi bikin Thorrablot don tunawa da kakanninsu 'yan Viking. A kan akushin katako za ka ga babbakakken kan tunkiya, da busasshen kifi da man shanu, da naman da aka kyafe, da wani naman mai tsami sosai, da kuma kifin shak mai warin gaske. Abin ɗaure kai shi ne, Aislan tsibiri ne da ruwan gishiri ya kewaye, amma yawancin abincin nan ba da gishiri aka adana shi ba. Me ya sa?

Mu fara da tekun. Kafin ruwan teku ya zama gishiri, sai an shanya shi a rana ko an dafa shi. Ranar Aislan ba ta da wannan ƙarfi, don haka sai wuta.

Wuta kuwa sai da itace. Da baƙi daga Norway suka fara zama a tsibirin wajen shekarar 874, sun tarar da dazuzzuka. Suka sare don gini da gawayi, tumaki kuma suka riƙa cinye duk tsiron da ya fito. Cikin 'yan ƙarni dajin ya kusa ƙarewa. Gishirin da ake shigowa da shi ta jirgin ruwa ya fi ƙarfin talaka.

To, da me aka riƙa ajiye nama? Da nono. Idan aka tace skyr, wani irin kindirmo nasu, ruwan da ya tsatso yakan yi tsami. A cikinsa ake tsoma dafaffen nama, ya yi watanni bai lalace ba.

Saura kifin shak. Ɗanyen irin wanda suke ci guba ne, karnukan da suka ci sukan yi tangaɗi. Sai aka gano cewa in an binne shi cikin tsakuwa aka danne da duwatsu na wasu makonni, sannan aka rataye shi iska ta busar da shi na watanni, yana ciwuwa.

Ɗaliban Aislan a Kopenhagen na cikin waɗanda suka farfaɗo da bikin a 1873, gidan abincin Naust na Reykjavik kuma ya fara sayar da wannan akushi a 1958. Yau gishiri ya wadata, amma jikoki na ci gaba da cin tsamin, domin da shi kakanninsu suka tsallake yunwar hunturu.