Yadda za ka gane injin motarka ya sha mai

Sau da yawa, musamman da safiyar hunturu, direba kan tayar da mota, ya gusa da ita kaɗan ya kashe, daga nan ta ƙi tashi. Akan zargi batir, alhali injin ne ya sha mai: fetur ya rinjayi iska a cikin silinda har ya jiƙa filogi, wuta ta kasa kamawa.

Alamominsa uku ne: warin fetur, injin na juyawa da sauri ba ya kamawa, sannan filogi a jiƙe idan an kwance shi.

A motar injekta, kada ka yi ta tattaka totur. Take shi har ƙasa ka riƙe, ka murɗa makulli na daƙiƙa 10. A yawancin motoci, wannan kan sa kwamfuta ta tsayar da mai, iska ta busar da silinda. Da zarar ya kama, saki totur.

Idan matsalar tana maimaituwa, bakanike ya duba injekta mai yoyo da na'urar auna zafin injin, domin fetur ɗin kan gangara ya tsinka baƙin mai, injin ya lalace.